BUSHEWAR BAKI: INA HAƘURI YA TSAYA, INA SAKACI YA FARA?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu Ya kyautata halittarmu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A goman ƙarshe na azumin bara mura ta kama ni. Na aika kemis aka sayo min ƙwayar mura, na sha bayan isha'i. Wajen ƙarfe biyu na dare na shiga gaba zan ja tahajjud. Wallahi ban kai rabin shafi ba harshena ya manne a sama kamar an shafa masa gam. Harafin "ra" ya ƙi fita, "ƙaf" ya maƙale a maƙogwaro. Mutanen sahun farko suka zaci mantuwa na yi, suka riƙa tuna min ayar ta dama da hagu. Ni kuwa ayar tana kaina, yawu ne babu. Dole na yi ruku'u ba a inda na yi niyya ba.

Wannan nawa mai sauƙi ne, kwana biyu ya wuce. Wanda ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na ladaninmu, dattijon da ya girmi mahaifina. Tun kafin azumi na lura muryarsa tana shaƙewa a tsakiyar kiran sallah, kuma ba ya rabuwa da gorar ruwa. Wata rana bayan la'asar ya riƙe hannuna ya ce: "Liman, ka taimaka min da tofi. Bakina ba ya jiƙa ko na sha randa guda. Ina ganin bakin mutane ne ya kama ni."

Na ce: "Baba, tofi za a yi insha Allahu. Amma da daddare sau nawa kuke tashi fitsari?" Ya ce sau biyar, wani lokacin shida. Na ce: "Wandon nan naku kamar ya yi muku yawa?" Ya yi dariya ya ce ai tun watan Rajab yake ƙara ɗaure mazagi. Na yi masa addu'a kamar yadda ya nema, washegari kuma na ɗauke shi a babur muka je aka gwada jininsa. Suga ne, ya haura 300. Likita ya ce bana babu azumi. Baba ya fito yana hawaye, yana cewa shekara hamsin bai sha azumi ko ɗaya ba.

Zan dawo kan Baba a ƙasa. Amma bari mu fara da abin da muke rainawa.

YAWU NI'IMA CE

A cikin Suratul Balad Allah Ya lissafa wa ɗan Adam idanu da harshe da leɓɓa a jerin abin da Ya yi masa baiwa da shi. To harshen nan ba ya aiki a bushe. Allah Ya sanya mana manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wato inda yake kumbura in hangum ya kama yaro, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa a cikin leɓe da kumatu. A yini guda mai lafiya yana samar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Ku kwatanta da ledar fiya wata: daga leda ɗaya har uku, kullum, kyauta, ba ka ma san ana yi ba.

Kusan dukkansa ruwa ne, amma ɗan abin da ya rage yana aiki babba. Shi ke wanke ragowar abinci daga haƙora. Shi ke kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa bayan ka sha zaƙi, tsamin da ke cinye haƙori. Shi ke fara narka tuwo tun yana baki. Ba ka jin ɗanɗanon abu sai ya narke a cikinsa. Da shi kake haɗiya, da shi kake magana, da shi kake fitar da haruffan Fatiha daga mafitarsu.

Shi ya sa wanda bakinsa ya daɗe a bushe, ba ƙishirwa kaɗai ke damunsa ba. Haƙoransa suna ruɓewa da sauri, dasashi yana ciwo, farin abu yana fitowa a harshe, leɓe yana tsagewa, baki yana wari, gurasa ko biskit ba sa wucewa sai da ruwa. Mun taɓa zama mun gode wa Allah a kan yawu kuwa?

ME KE KAWO BUSHEWAR BAKI?

Na farko, ƙarancin ruwa a jiki. Wannan kowa ya san shi: zafin bazara, gumi, zazzaɓi, amai da gudawa, doguwar tafiya, azumi. Jiki in ya ga ruwa ya yi kaɗan sai ya fara tsimi, yawu yana cikin abin da yake ragewa. Alama mai sauƙi ita ce fitsari: in ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, jikinka yana bin ka bashin ruwa. A hunturu ma haka ne, iska busasshiya ce, kuma sanyi yana sa mutum ya manta da shan ruwa.

Na biyu, numfashi ta baki. Mai mura, mai toshewar hanci, mai minshari. Dama yawu yana raguwa sosai a lokacin barci, sai kuma ga baki a buɗe, ga fanka tana kaɗawa a fuska. Irin wannan shi ne mai tashi da asuba harshe kamar busasshen ganye. Wanda matarsa ta ce minsharinsa yana tsayawa cak kamar numfashi ya ɗauke sannan ya farka a firgice, wannan ya ga likita, ba abin wasa ba ne.

Na uku, magunguna, kuma wannan shi ne wanda mutane suka fi jahilta. Ɗaruruwan magunguna suna busar da baki. Maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wanda ya kunyata ni a gaban jama'a. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari. Maganin murɗar ciki irin Buscopan. Wasu magungunan damuwa da na taɓin hankali. Dattawanmu da yawa ana cewa tsufa ne ya busar musu da baki, alhali ƙwayoyi huɗu ko biyar da suke sha kullum ne.

Na huɗu, ciwon suga. In suga ya yi yawa a jini, ƙoda tana zubar da shi ta fitsari, shi kuma yana jan ruwa ya tafi da shi. Sai ka ga mutum yana sha yana fitarwa, baki bai jiƙa ba, jiki yana ramewa, ga gajiya, wani lokacin ido yana hazo, ko ciwo ya ƙi warkewa. Wannan shi ne na Baba.

Na biyar, abin da muke saka wa kanmu da hannunmu. Sigari, shisha, wiwi, tiramol, kodin. Duk suna busar da baki, ban da ɓarnar da suke yi wa hankali da addini. Ƙanina matashi, bakin da kake gani ya bushe ya yi fari, shi ne mafi ƙanƙantar abin da suke yi maka. Sannan ga waɗanda halal ne amma yawansu yana ƙara matsalar: shayi mai kauri kofi bayan kofi, gahawa, da goro.

Na shida, tsoro da damuwa. Duk wanda ya taɓa hawa mumbari karon farko ya san wannan. Ranar da na fara tsayawa gaban malamanmu a jami'a zan gabatar da bahasi, da Larabci, na sha ruwa kafin in shiga amma ina buɗe baki ya ƙafe. Wannan yana wucewa. Amma mai damuwar da ta zauna masa wata da watanni, bakinsa ma yakan zauna a bushe.

Na bakwai, wasu cututtuka da ba su cika yawa ba. Akwai wadda garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, likitoci suna kiran ta Sjögren, kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Alamarta baki a bushe, ido ma a bushe kamar an zuba yashi, sau da yawa da ciwon gaɓoɓi. Haka wanda aka yi wa gashin kansa a wuya ko a ka, da mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

MAI AZUMI DA BUSASSHEN BAKI

Tambayoyin da aka fi yi min ke nan, bari in tattara su.

Haɗiye yawu ba ya karya azumi. Masu yawo suna tofar da yawu a kan hanya da harabar masallaci wai suna tsare azumi, ku daina. Kuna ƙazanta wuri, kuna cutar da mutane, kuna kuma ƙara busar da bakinku a banza.

Kurkure baki saboda ƙishirwa ya halatta. A Mukhtasar na Shehu Khalil an ambace shi cikin abin da aka yarda wa mai azumi, tare da yin asuwaki a dukkan yini. Sharaɗin shi ne ka tofar da ruwan, kada ka kai shi can ƙurya. A hadisin Laƙiɗ bin Sabira, Annabi (SAW) ya yi umarni da kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala, sai ya cire mai azumi. In ruwa ya suɓuce ya wuce maƙogwaro ba da nufi ba, a mazhabar Malikiyya za ka rama wannan rana in azumin farilla ne, babu kaffara. Wasu malaman, kamar Hanbalawa, suna ganin babu ramuwa. Ka kiyaye tun farko ka huta da saɓani.

Sanyaya jiki ya halatta. Ya zo a Muwaɗɗa da Sunan na Abu Dawud cewa an ga Annabi (SAW) yana zuba ruwa a kansa yana azumi, saboda ƙishirwa ko zafi. Bukhari ya ambaci cewa Ibn Umar ya jiƙa tufa ya ɗora a jikinsa yana azumi. Don haka wanka da rana ko jiƙa rawani ba raunin imani ba ne.

Asuwaki yana motsa yawu, yana tsabtace baki. Malikiyya sun yarda da shi safe da yamma, sai dai sun karhanta ɗanye saboda tsoron wani abu ya rabu da shi ya wuce. Shafi'iyya sun karhanta shi bayan rana ta karkata. Cingam kuwa na zamanin nan mai zaƙi da ɗanɗano, a bar shi sai an sha ruwa, domin abin da ke cikinsa yana narkewa ya tafi ciki.

Maganin da ake fesawa ko a kurkura a baki: Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya shi cikin abin da ba ya karya azumi matuƙar an kauce wa haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Gwajin suga da ake huda yatsa ma ba ya karya azumi.

Sai maganar warin baki. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa canjin warin bakin mai azumi ya fi almiski ƙamshi a wurin Allah. Wannan girmamawa ce ga abin da ibada ta haifar. Ba lasisi ba ne ga wanda ya kwana uku bai goge baki ba ya zo ya hura wa na kusa da shi a sahu.

HANYOYIN SAMUN SAUƘI

Sha ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Mai azumi ya rarraba shansa daga magariba zuwa sahur. Ɗura jarka guda ana saura minti biyar a kira assalatu ba ya hana ƙishirwar azahar, yawancinsa fitsari zai zama kafin hantsi. Sunna ma ta koya mana sha da numfashi uku, da raba ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Kuma a jinkirta sahur, sunna ce, sauƙi ne.

Rage gishiri da yaji a sahur. Kilishi, tsire, taliyar leda mai ɗanɗanon gishiri, miyar da aka cika wa dunƙule, duk masu kiran ƙishirwa ne. Shayi mai kauri da goro a bar su a farkon dare. A yawaita kankana, gurji, lemo, kunu, fura da nono, abinci mai romo.

Lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa sukari suna daɗi a maƙogwaro, amma ga mai busasshen baki guba ce ga haƙori, tunda babu yawun da zai wanke. Tsamiya da lemon tsami suna tsinko yawu, gaskiya ne, sai dai yawan tsotsarsu yana cin haƙori. In ka sha, ka kurkure da ruwa. Abin da ya fi shi ne cingam marar sukari, ko asuwaki.

Goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci. A guji ruwan kurkure baki mai giya a ciki, yana ƙara busarwa, a duba jikin kwalbar kafin a saya.

Leɓe a shafa masa man kaɗanya ko basilin. Lasar leɓe tana ƙara tsaga shi.

Mai toshewar hanci ya nemi maganin hancin. A kwanta ta gefe, a kawar da fanka daga fuska, a ajiye ruwa kusa da shimfiɗa. A hunturu, shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki yana ɗan sassauta bushewar iska.

Wanda yake zargin maganinsa ne, ina roƙonsa don Allah kada ya daina sha da kansa. Na san wanda ya ajiye maganin hawan jini saboda irin wannan dalili, yanzu sai an ɗaga shi an kwantar. Koma wurin wanda ya rubuta maka, ka gaya masa. Yana iya canza maka wani, ko ya rage, ko ya sauya maka lokacin sha. Mai azumi ma tun kafin wata ya kama ya kamata ya je a tsara masa.

Iyaye mata, yaro mai gudawa in bakinsa ya bushe, yana kuka babu hawaye, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, wannan gaggawa ce. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi ana kan hanyar asibiti, kuma kada a daina ba shi nono.

Babba kuma, in bushewar ta ɗauki makonni ba ta tafi ba, ko ta haɗu da yawan fitsari da rama, ko bushewar ido, ko wahalar haɗiya, ko farin abu a harshe, to lokacin gwaji ya yi. Gwajin suga minti kaɗan ne.

INA HAƘURI YA TSAYA?

Mu koma kan Baba. Da muka fito daga asibiti ya ce min: "Liman, ni fa zan yi azumina. In mutuwa ce ta same ni da azumi a baki." Na san da yawa daga masu karanta wannan suna da uba ko uwa mai irin wannan magana, kuma daga son Allah take fitowa. Amma son Allah yana tafiya ne a kan abin da Allah Ya shar'anta.

Na zaunar da shi a inuwa na ba shi labarin da Jabir ya ruwaito a Sahihu Muslim. A shekara ta 8 bayan hijira, cikin Ramadan, Annabi (SAW) ya fita zuwa buɗe Makka yana azumi, mutane suna azumi. Aka gaya masa azumin ya yi wa mutane tsanani, suna jiran su ga abin da zai yi. Sai ya sa aka kawo ruwa bayan la'asar, ya ɗaga kowa ya gani, ya sha. Bayan la'asar fa, saura kaɗan rana ta faɗi. Da aka ce masa wasu sun ci gaba da azumi, sai ya kira su masu saɓo. Na ce: "Baba, ku kun fi Manzon Allah son azumi ne?" Ya yi shiru. Na ce: "Wanda Ya wajabta azumin Shi ne Ya ɗauke wa marar lafiya a cikin ayoyin azumin kansu, Ya ce sauƙi Yake nufi da mu. In an samu lafiya a rama. In ciwon ya zama na dindindin, likita ya tabbatar, a ciyar. Ladan niyyarku kuma yana nan."

Ba kowane mai suga ne aka hana azumi ba, wasu suna yi lafiya lau da tsarin likita. Amma ƙa'idar da likitoci suka bayar ita ce, mai suga in yana azumi ya gwada ya ga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya ji jiri da ruɗewa, ya karya nan take. Wannan ba ya cikin wuraren jarumta.

Ƙishirwar mai lafiya a ranar azumi, wadda ruwan magariba yake kashewa, ita ce wurin haƙuri, kuma ita aka tanadar wa ƙofar Rayyan, wadda sunanta ma daga ƙoshi da ruwa yake. Bushewar da ruwa ba ya kashewa, wadda ta kai wata biyu tana tafiya da naman jikinka, wannan saƙo ne jiki yake aiko maka. Zama a kanta sakaci ne ko da an kira shi tawakkali. Kambun baka gaskiya ne, ruƙya sunna ce, ni ma ina yi. Amma Annabin da ya koya mana ruƙya shi ne ya umarce mu da neman magani. Mu malamai ma mu ji tsoron Allah: wanda ya zo maka da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ka yi masa addu'a, sannan ka tura shi gwaji. Kada ka riƙe shi wata shida kana ba shi rubutu da zuma alhali suga ne ke cin sa.

Baba bai yi azumin bara ba. Ya riƙe maganinsa, ya rage abin da aka ce ya rage, ya rama a lokacin sanyi da izinin likitansa. Yau da asuba shi ya kira sallah, muryar nan ta dawo har unguwar gaba suna ji.

Wani mutum ya taɓa gaya wa Annabi (SAW) cewa ayyukan Musulunci sun yi masa yawa, a ba shi abu guda da zai riƙe. Sai ya yi masa wasiyya da kada harshensa ya bushe daga ambaton Allah. Tirmizi ya ruwaito shi daga Abdullahi bin Busr. Mu kula da harshen nan ta fuska biyun: mu ba shi ruwansa da maganinsa, mu kuma riƙe shi da zikiri.

Wanda yake da dattijo a gida mai yawan neman ruwa da yawan fita fitsari da dare, kada ya jira wani ya ɗauke shi a babur. Ka kai shi da kanka cikin makon nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya shayar da mu daga tafkin Annabinsa shan da babu ƙishirwa bayansa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.